Yadda Ake Yi wa Murya Masauki a Mile 12

Tumatir ba ya jiran kowa. Tun ranar da aka tsinke shi a gonakin Kadawa da Kura, aka jera shi a kwanduna, aka ɗora a tirela a Kwanar Gafan, kwanansa ya fara ƙarewa. Motar za ta bi ta Zariya da Kaduna, ta gangara Mokwa, ta haye kogin Kwara a Jebba, ta ratsa Ilorin da Ogbomosho da Ibadan, tafiyar kilomita wajen 1,000, kafin ta shigo kasuwar Mile 12 da ke bakin titin Ikorodu, gaba da Ketu. Duk tsawon hanyar nan waya ce ke haɗa mai kaya da direba da dillali. Ko taya ta fashe a daji, ko an tare hanya, ko kaya sun yi yawa a Legas farashi ya karye gara a sauke a Ibadan, kowanne labari ne da ya kamata ya isa kunnen wani kafin rana ta ɗaga. Sai dai dillalin da ake nema yana tsakiyar ciniki, hayaniyar 'yan dako da rurin motoci sun danne ƙarar wayarsa. Direban kuwa sabis ɗin minti biyu ya samu a kan wani tudu, yanzu ya sake gangarawa inda babu.

A cikin masu gyaran wayar da ke zaune ƙarƙashin laima a gefen kasuwar, da 'yan uwansu na Agege, akwai 'yan kaɗan da suka iya maganin wannan matsala. Yawanci an san mai gyaran waya da canza gilashi da bakin caji da batir. Wannan aikin kuwa ba ya bukatar sukudireba ko dalma. Saita layi ne yadda kiran da ba a ɗauka ba zai samu inda zai sauka, ko dai wayar wani amintacce, ko akwatin saƙon murya da ke ajiye maganar mai kira har mai layi ya samu sukunin saurare. Minti biyar ya ishi gwani ya gama, shi ya sa ake raina aikin. Ni kuwa cikin ayyukan teburin mai gyara babu wanda ya kai shi burge ni, domin na'urar da ake yi wa aikin ba ta kan teburin, kuma mai aikin bai taɓa ganinta ba.

Kowane kamfanin waya yana da wani babban kundi a cikin kwamfutocinsa, wanda injiniyoyi ke kira HLR, wato rajistar gida ta dukkan layukansa. A ciki aka rubuta lambar kowane layi, da hidimomin da aka yarje masa, da yankin da aka gan shi na ƙarshe, da kuma inda za a kai kiransa idan bai samu ba. Duk wanda ya buga lambarka, kafin wayarka ta yi ƙara sai an tambayi kundin nan. Mai gyara idan ya danna wasu lambobi a wayar wani Alhaji ɗan kasuwa, wasiƙa yake aikawa: ta tashi daga wayar zuwa turken sadarwa mafi kusa, ta wuce cibiyar haɗa kira, ta isa kundin, a gyara rubutun da ke gaban sunan layin, amsa ta dawo cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka saitin yana bin layi duk inda ya je. A cire sim a sa a wata waya, yana nan. Wayar ta faɗa kwata ta mutu, yana nan yana aiki. Tsofaffin fataken goro na Agege sun san irin wannan tsari tun zamanin jirgin ƙasa: mai masaukinka shi ke karɓar saƙonka da kayanka ranar da ba ka gari, kuma da shi ake shiryawa tun kafin tafiya.

Harshen wasiƙar gajere ne, amma yana da nahawunsa, kuma na tsarin GSM ne baki ɗaya. Tun da Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001 shi ake yi, kuma shi ne dai a Maraɗi da Kumasi da Jidda. Alamomi biyu ne ginshiƙansa, tauraro (*) da tsani (#). Tauraro biyu a farko na nufin a rubuta sabuwar lamba a kunna. Tauraro ɗaya, a kunna abin da aka riga aka rubuta. Tsani ɗaya, a kashe amma a bar lambar a ajiye. Tsani biyu, a goge gaba ɗaya. Tauraro da tsani a jere kuwa tambaya ce kawai: me ke rubuce yanzu?

Da tambayar nan gwani ke farawa, kullum. Kafin ya canza komai sai ya danna *#21#, ya karanta amsa, sannan *#61#, sannan *#62#, sannan *#67#, yana rubuta abin da ya gani a ɗan littafinsa. Layin da ya shekara goma a hannun ɗan kasuwa ba a rasa tarihi a cikinsa: lambar yaron shagon da ya bar aiki tuntuni, ko ta ɗan'uwan da ya koma Funtuwa, tana nan zaune tana karɓar kiran da mai layi bai san ana yi masa ba. Wanda bai tambaya ba zai rubuta sabo a kan tsoho, in abu ya lalace kuma ba shi da hanyar komawa.

Lambobin nan huɗu kowacce da halin da take tsaro. Ta 21 ba ta da sharaɗi: duk kiran da ya zo a wuce da shi, wayar mai layi ba za ta ko motsa ba, kuma muddin tana kunne sauran ukun ba su da ta cewa. Ta 61 ta kiran da ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba ce. Ta 62 ta wayar da ba a same ta ba ce, ko an kashe ta, ko caji ya ƙare, ko babu sabis. Ta 67 ta layin da ake magana a kansa ce. Haddace wannan ba wuya. Gwanintar tana wajen sanin wacce ta dace da wane mutum, kuma ba a sanin haka sai an tambayi mutumin yadda yake wuni.

Nan za ka ji mai gyara yana tambaya a natse. Alhaji, ƙarfe nawa kake shigowa kasuwa? In ba ka ɗauka ba, wa kake so ya ji maganar? Yaron nan naka, ka yarda ya yanke farashi ko saƙo kawai zai karɓa? Dillali da ke Mile 12 yana cikin sabis dare da rana, matsalarsa hayaniya da yawan kira, don haka 61 da 67 ne nasa. Direba matsalarsa daji, nasa 62 ne, kuma sau da yawa gara a kai kiransa wayar mai motar da ke gari a kan ta yaron mota, tun da shi da yaron motar a rami ɗaya suke rasa sabis. Mai kawo albasa daga Aliero ko Galmi wanda zai yi kwanaki yana zagaya ƙauyuka, shi ne mai bukatar akwatin murya sosai, domin masu nemansa suna da yawa, kuma ba kowace magana ake faɗa wa yaro ba. Ta 21 kuwa gwani ba ya sa wa kowa ita sai da dalili mai ƙarfi, kamar tafiya Hajji ko kwanciya asibiti, kuma sai ya tabbatar mai layin ya san yadda ake cire ta.

Akwai sani guda biyu a nan da ba a samu sai da daɗewa a sana'a. Na farko, idan mutum ya danna jan maɓalli ya katse kira, cibiya tana ɗaukarsa a matsayin wanda ke kan layi, sai kiran ya bi hanyar 67. Dillalin da aka yi wa wannan saiti ya samu sabuwar dabara ke nan: yana cikin ƙirga kuɗi kira ya shigo, dannawa ɗaya ta tura shi wurin yaronsa, mai kira bai ji an wulaƙanta shi ba. Na biyu, saitin 62 ana yin sa ne tun da sauran sabis, domin wasiƙar ma sai da sabis take tafiya. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, layin da ke cikin yankin ba shi da halin aika ko lamba ɗaya zuwa kundin kamfaninsa, sai mai shi ya yi tattaki zuwa inda sabis yake. Shi ya sa ake saita wayar direba a tasha kafin a ɗaure tamfol.

Sai batun daƙiƙa, wanda a ganina nan ne hannun gwani ya fi fitowa. Lambar 61 tana karɓar lokaci: a rubuta tauraro biyu, 61, tauraro, lambar da za a kai kiran, tauraro biyu, adadin daƙiƙoƙi, tsani. Tsarin ya yarda da daƙiƙa 5 zuwa 30, ana hawa biyar-biyar, zaɓi shida ke nan kacal. In aka sa 10, kafin Alhaji ya goge ruwan tumatir daga hannunsa kira ya wuce, mai kira ya faɗa akwatin murya, kuɗinsa ya fara tafiya, ransa ya ɓaci. In aka sa 30, direban da ke tsaye a kan tudu da sandar sabis ɗaya ya gaji ya kashe tun kafin a kai shi ko'ina. Mai gyara sai ya dubi mutumin da ke gabansa. Saurayi mai waya a tafin hannu, 15 ta ishe shi. Dattijo mai babbar riga wanda sai ya laluba aljihun 'yar ciki, a ba shi 25. Na ga mai gyaran da ke sa mai waya ya mayar da ita inda ya saba ajiye ta, ya kira shi, yana duban agogo har ya ɗauka, sannan ya ƙara biyar a kai.

Ita kanta lambar da za a rubuta tana da tarkonta. Gwani yana rubuta ta cikakkiya, da alamar tarawa da 234, ya jefar da sifirin farko, domin mai layin na iya tsallaka Jibiya ko Illela ya shiga Nijar, inda lambar ƙasa 227 ce, kuma lambar da aka rubuta cikakkiya ba ta rikita kowace cibiya. Wayoyin Tecno da itel da suka cika kasuwa masu sim biyu ne, sai a lura da wane layi aka aika wasiƙar, don an sha saita layin iyali a bar na kasuwanci yadda yake. In an taɓa kulle kiran fita a layin, cibiya za ta ƙi karɓar saitin, wayar ta nuna kuskure ba tare da bayani ba, sai an buɗe kullen tukuna. Akwai kuma maganar kuɗi, wadda mai gaskiya ke faɗa tun kafin a tambaye shi: idan aka karkatar da kira zuwa wata lamba, galibi mai layin ne ke biyan zangon na biyu, kamar shi ya buga. Layin da babu kati a cikinsa sai kiran ya maƙale a hanya.

Akwatin muryar shi ma yana cikin kwamfutocin kamfani. A da kowane kamfani da tasa lambar shiga, mai gyara sai ya haddace huɗu. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita gajerun lambobi a duk layuka: 300 ta neman taimako, 301 ta ajiye saƙon murya, 302 ta sauraren saƙon da aka ajiye maka, kamar yadda 310 ta zama ta duba kuɗi, 311 ta sa kati. Cikakkiyar lambar da ake karkatar da kira zuwa gare ta kuwa gwani ba ya cankarta. Yana karanta wadda ke cikin sim ɗin, ko ya buga 300 ya tabbatar an buɗe wa layin akwati, sannan ya ajiye lambar sauraro a maɓallin 1, yadda dannawa mai tsawo guda za ta kai mai waya can ko da bai iya karatun boko ba.

Wani zai ce ai WhatsApp ya kashe wannan duka, tun da ya kawo saƙon murya a 2013, kuma a 2022 kamfanin ya ce ana aika irin saƙon biliyan 7 kowace rana. Gaskiya ne 'yan kasuwarmu sun rungume shi, kuma da dalili: murya tana ɗauke da shaidar mai ita, ba ta bukatar iya rubutu, kuma cinikin da aka yi da baki an san wanda ya yi shi. Amma yana bukatar babbar waya da data a ɓangarorin biyu. Manomin Kura da direban da ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila don batirinta na kwana uku, kira suka sani, kuma akwatin cibiya yana karɓar kiran kowace irin waya.

Da zarar akwati ya buɗe, abu na farko shi ne canza lambar sirrinsa. Yawancin akwatuna suna zuwa da lamba mai sauƙi iri ɗaya ga kowa, kuma ana iya shiga akwati daga wata wayar daban in an san lambar. A Ingila 'yan jaridar News of the World sun yi shekaru suna sauraren saƙonnin mutane, sau da yawa ta wannan ƙofa da aka bari a buɗe, har abin ya fallasa aka rufe jaridar a watan Yuli na 2011 bayan shekara 168 tana fitowa. A wajenmu haɗarin ya fi kusa da aljihu. WhatsApp na iya karanta wa mutum lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6 ta hanyar kira. Ɓarawo in ya sa aka yi kiran da tsakar dare ya faɗa akwatin da ba a canza wa lamba ba, ko ya ari wayar Alhaji da sunan zai yi kira ɗaya ya danna masa 21 zuwa tasa lambar, ya mallaki asusun ke nan, gobe abokan ciniki su wayi gari da saƙon neman rance da sunan Alhaji. Don haka gwani yana juya kansa gefe ya miƙa wayar, mai ita ya danna lambar sirrin da kansa, wadda ba shekarar haihuwa ba ce kuma ba ƙarshen lambar wayarsa ba. Sannan ya kunna masa tabbatarwa ta biyu a WhatsApp ɗin.

Akwai saƙon da ke yawo a wayoyi yana cewa duk wanda ya danna *#62# ya ga baƙuwar lamba, to ana satar sauraronsa, ya yi maza ya danna ##002#. Mutane kan zo teburin a firgice da wannan. Sau da yawa baƙuwar lambar ta akwatin muryar kamfanin ce. Ita kuwa ##002# tsintsiya ce mai share duk wani karkatar da kira, mai amfani da marar amfani. Akwai mai tebur da ita kaɗai ya sani: kowa ya zo da kowane ƙorafi ya danna masa ita, ya karɓi na shayi, ya koma kallon wayarsa. Maƙwabcinsa kuwa sai ya duba lambar, ya gwada ta da ta kamfanin, ya bayyana wa mai waya abin da take, in ta wani mutum ce ya tambaya ko an san shi, sannan ya goge ita kaɗai.

Gaisuwar da mai kira zai ji tana da nata aikin. Layin waya na gargajiya ba ya ɗaukar dukkan sautin murya, yana yanke na ƙasa da na sama ya bar tsakiya, daga kaɗawa 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa. Abin da ya fi shan wahala shi ne baƙaƙe masu huci irin su sa da fa da sha, kuma a cikin hayaniya biyu da biyar kan zama abu ɗaya a kunne. Saboda haka mai gyara yakan ja Alhaji nesa da janareta, zuwa bayan shago ko harabar masallaci bayan an idar da salla, ya sa ya riƙe wayar tazarar yatsu huɗu daga baki, a ɗan karkace don kada iska ta bugi makirfon. Gaisuwar gajera ce: sallama, suna, roƙon mai kira ya faɗi sunansa da inda yake da abin da ya kawo shi, in zai faɗi kuɗi ko lamba ya maimaita sau biyu. Tun da masu sarin kaya a Mile 12 da yawansu matan Yarbawa ne daga kasuwannin Legas, ana ƙara jimla ɗaya da Yarbanci ko Turancin buroka, don kada mai kira ta ji yaren da ba ta sani ba ta zaci ta yi kuskuren lamba.

Bayan nan sai gwaji, kuma wanda bai gwada ba bai gama ba. Ya kira ya bar ta tana ƙara yana ƙirga daƙiƙa. Ya sake kira ya danna ja. Ya kashe wayar ɗungurungum ya kira. Ya bar saƙo, ya kunna ta, ya jira sanarwar cewa akwai saƙo ta shigo, wadda ita ma ta hanyar tes take zuwa, don haka in ma'ajiyar saƙonni ta cika yakan gyara wannan ma tun yana hannunsa. Ya sa mai waya ya saurara da kansa, ya goge da kansa. A ƙarshe ya rubuta lambobin cirewa a 'yar takarda, da boko ko da ajami, ya cusa a bayan rigar wayar.

Yaron da ya ƙware a nan, in ya wuce Computer Village ta Ikeja ya koyi aikin na'urorin ofis, zai tarar da sana'ar nan dai ta girma. Kamfanin da ke da ofis a Legas da reshe a Kano yana iya samun na'urar saƙon murya a kowane gari, ana so ma'aikacin Legas ya ɗauki magana sau ɗaya ya tura ta akwatin abokin aikinsa na Kano. Tun da Gordon Matthews na jihar Texas a Amurka ya sayar wa kamfanin 3M na'urarsa ta saƙon murya mai suna VMX a 1980, an yi ta neman yadda na'urorin kamfanoni daban-daban za su yi magana da juna. Hanyar farko da aka yarda da ita, AMIS, kiran waya ce sak: wannan na'ura ta buga wa waccan, su gaisa da sautin maɓallai, ta kunna saƙon waccan ta ɗauka, saƙon minti 3 ya ci minti 3 na layi, kuma kowane zango ya rage masa tsabta. A 1998 Greg Vaudreuil da Glenn Parsons suka fitar da ƙa'idar VPIM ta biyu, aka sabunta ta a 2004, wadda ke naɗe murya a cikin imel. Adireshin shi ne lambar akwati haɗe da sunan na'urar da ke can. Ana matse sautin da tsarin G.726, wanda ke cin kimanin kilobayit 240 a minti. Manyan na'urorin Cisco da Avaya sun san wannan harshe. Ƙananan ofisoshi kuwa sukan dogara da Asterisk, manhajar kyauta da Mark Spencer ya fara a 1999, su haɗa na'urorin biyu ta intanet su sa kowane saƙo ya sauka a imel ɗin mai shi.

Aikin injiniya a nan shi ne ya gabatar wa kowace na'ura da 'yar'uwarta. Yana buɗe shafin tsarin nesa a ta Legas ya cike: sunan ta Kano, adireshinta a intanet, yawan alƙaluman akwatunanta, irin matsin sautin da take ganewa, da ko za a haɗa saƙo da sunan mai aikawa cikin muryarsa, don mai karɓa ya ji wanda ke magana tun kafin saƙon ya fara. Sannan ya shiga ta Kano ya cike kishiyar wannan, harafi da harafi, domin ɗigo ɗaya in ya saɓa saƙo zai fita ya dawo. Idan akwai akwati mai lamba 201 a garuruwan biyu, sai ya sa wa kowane gari lambar gaba da za ta bambanta su, kuma mai hikima yakan ɗauki abin da mutane suka riga suka sani, kamar tsofaffin lambobin NITEL, 01 ta Legas da 064 ta Kano. Ya buɗe ƙofa ta 25, wadda imel ke bi, a katangar tsaron ofis, amma ga adireshin ɗaya na'urar kaɗai. Ya daidaita agogon duka biyun da agogon intanet. Legas da Kano da Maraɗi lokacinsu ɗaya, amma Makka tana gaba da awa 2, Dubai da 3, Guangzhou da 7, kuma farashin da aka faɗa a saƙo ba shi da amfani in ba a san ainihin lokacin da aka faɗe shi ba.

Duk wannan daga kujerarsa a Legas yake yi, na'urar Kano tana can a wani ɗaki a kulle. Hatsarin aikin nesa shi ne hanyar da kake bi ka shiga tana cikin abubuwan da kake gyarawa: ka canza adireshi ko dokar katanga ba daidai ba, ka rufe kanka a waje, kuma ba mai buɗe maka sai an hau mota. Don haka yana adana kwafin tsohon saiti kafin ya taɓa komai. Yana canza abu ɗaya ya gwada kafin na biyu. Yana barin ƙofar da ya shiga da ita a buɗe, ya gwada shiga ta wata sabuwa, in ta buɗe sannan ya rufe ta farkon. Yana zaɓar dare ko ranar Lahadi, ya tabbatar batirin inbata na can ya cika don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kuma akwai mutum a Kano da mabuɗin ɗakin da waya a kunne. Gwajinsa na ƙarshe shi ne ya aika saƙo da gangan zuwa akwatin da babu shi. In sanarwar rashin isarwa ta dawo akwatin mai aikawa, to hanyar tana aiki zuwa da dawowa, kuma ranar da wani ya yi kuskuren lamba zai sani da wuri ya sake aikawa. In ba ta dawo ba, sai ya buɗe kundin abin da na'urar ta yi, ya bi saƙon layi-layi har inda ya tsaya.